Matar da Ta Zauna a Kan Buhun Ƙwallaye

Kafin rana ta yi zafi a Navojoa, Eulalia Bojórquez ta riga ta buɗe ɗakin kayan wasa da ke ƙarƙashin benen 'yan kallo, ta jawo gurguwar kujerarta, ta ajiye tsohon gwangwanin man girki a tsakanin ƙafafunta. Laka ce a ciki, ta bakin kogin Mayo, wadda take zuwa ɗiba da kanta idan ruwa ya janye, ta tace ta da rariya kamar mai tankaɗen gari. Sabon ƙwallon besbol yana fitowa daga kwali fari fat, ga sheƙi ga santsi, kuma idan aka miƙa wa mai jifa shi a haka yana iya suɓuce masa ya fasa kan mai riƙe da sanda. Dole sai an murza shi. Takan lakato laka da yatsa biyu, ta ɗiga ruwa, ta yi ta juya ƙwallon a tafin hannu har farin ya dushe, ta jefa a buhu, ta ɗauko wani. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan aiki a duk inda ƙungiyarmu ta besbol da sofbol ta nahiya ta kai gasa, daga can arewa mai ƙanƙara har ƙarshen kudu. Bana ta ajiye aiki.

Ni ne Fermín Zazueta, mai sanarwa a lasifika. An ce in rubuta mata jinjina saboda na fi kowa daɗewa tare da ita, kuma zan rubuta, ba zan rage mata ko ƙwayar zarra ba. Amma mai karatu ya sani tun yanzu: kishinta nake yi. Na daɗe ina yi, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Ku duba min wannan lamari da adalci. Tare aka ɗauke mu aiki. Ni aka hau da ni can sama, ɗakin gilashi, ita aka saukar da ita ƙarƙashin bene wurin tsumma da laka, har ina tausaya mata. Babu ɗan wasan da ya taɓa taka filin gasar nahiya ban kira sunansa ba. Sunayen 'yan tsibirai masu karya harshe na koya, na Faransanci na koya, ina jan wasali har sai uwar yaro ta fashe da kuka a cikin 'yan kallo. To amma idan motar 'yan wasa ta tsaya a ƙofar fili, ina tsaye da hulata a hannu, sai su ratsa ta gefena kamar an kafa turke, su ruga ƙarƙashin bene wurin Eulalia suna kiran "Mama Lala". Wani ma ya taɓa miƙo min jakarsa in riƙe masa don ya samu hannun rungumar ta.

Na kai mata ƙara, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To Aku, me kake so su yi? Murya ake runguma? Sauko ƙasa mana ka ɓata farar rigar nan taka."

Aku take kirana tun muna matasa, wai bakina ba ya hutawa. Ita ce kuma uwar baftisma ta 'yata Idalia, wato babu inda zan gudu in tsere mata, ko a fili ko a gida.

Wanda bai san tarihinmu ba ba zai gane girman abin da ta yi ba. A da ƙungiya biyu ce a nahiyar nan. Ta besbol tana da ofis mai sanyi da manyan filaye, ta sofbol kuma, ƙanwar besbol mai ƙaton ƙwallo, wadda yawancin 'yan wasanta mata ne, tana da kabad ɗaya da alkawura. Da aka haɗe su wuri guda aka yi babban taro, aka raba nahiya shiyya uku, arewa da tsibirai da kudu, aka ce kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta komai ƙanƙantarta, aka ce wasannin biyu daidai suke. Ni na karanta wannan sanarwa da bakina, aka yi tafi. Lala, wadda ta yi jifa a sofbol tun tana budurwa har kafaɗarta ta fara ciwo, tana bayan zaure tana zuba wa wakilai kofi, ba ta tafa ba.

Gasar haɗin gwiwa ta farko a garinmu aka yi ta, a tsakiyar zafi. Sakataren ƙungiya na lokacin, Don Anselmo Villaescusa (Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na mace kuma Doña), mutumin kirki ne amma tsohon ɗan besbol ne har ɓargo, sai ya tsara wasan ƙarshe na maza a babban fili da yamma, na mata kuma a filin makaranta da tsakar rana, inda ko inuwar tsuntsu babu. Wanda ya san zafin ranar jiharmu ta Sonora ya san abin da hakan ke nufi. Idalia tana cikin waɗanda za su buga. Ni uban yarinya na yi gunaguni a ɗakin gilashi, inda babu mai ji. Lala kuwa ta jira har wasan kusa da na ƙarshe na maza, ana gobe wasan matan, fili ya cika maƙil, alƙalin wasa ya aiko a kawo ƙwallaye. Sai ta jawo buhun har bakin fili, ta zauna a kai, ta harɗe hannuwa.

Don Anselmo ya sauko yana share gumi. Waɗanda ke kusa sun ji komai, kuma har yau suna maimaitawa.

"Doña Lala, don Allah tashi, jama'a na kallo."

"Ai don su kalla na fito, ranka ya daɗe."

"Sai in sa a buɗe sababbi daga kwali."

"Buɗe mana. Amma kai za ka fara tsayawa da sanda a gaban yaron can mai jifa kamar harsashi, mu ga yadda santsi yake."

"Yanzu me kike so?"

"Yaran nan mata gobe a nan za su buga, da yamma, bayan rana ta yi sanyi. Ku da bakinku kuka ce daidai muke. Ga Aku can sama, shi ya karanta, tambaye shi."

Masu jifa na ƙasashen biyu suka ce su kam ba za su taɓa ƙwallon da bai bi ta hannun Mama Lala ba. Aka tsaya cirko-cirko. Kun san wanda ya riƙe dubban mutanen nan a kujerunsu duk tsawon wannan ja-in-ja? Ni ne. Na ba da tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta, na gaida shiyya-shiyya, na tallata mai sayar da gurasar tortiya da busasshen nama, har waƙar ranar haihuwa na sa aka yi wa wata tsohuwa da ban sani ba. Maƙogwarona ya kwana biyu bai dawo daidai ba. Don Anselmo ya sauya tsari, mata suka buga a babban fili, kuma tun daga ranar wasan ƙarshe na sofbol bai sake komawa filin makaranta ba, har aka sa shi cikin dokar ƙungiya. Yau idan ana ba da labarin, cewa ake "ranar da Mama Lala ta zauna". Ba a cewa ranar da Fermín ya kusa rasa murya.

Ke ce, Lala, kika kwashi 'yan matan wani ɗan tsibiri da kayansu suka ɓace a hanya, kika kai su gidanki, kika bi maƙwabta gida-gida kina aro takalma da safar kama ƙwallo har suka shiga fili. Ke ce ma'aikatan kan iyaka suka ƙwace wa gwangwani a wata ƙasa, kika sauka daga mota a bakin wani rafi da siket ɗinki na zuwa coci, kika shiga taɓo har gwiwa. Ke ce 'yata ta kira da farko ranar da ta haihu, kafin ta kira ni, kuma jaririyar Eulalia aka sa mata. Uwar ƙwallaye, mai hannun laka. Duk na gani, duk na shaida, kuma kowanne sai da ya tsaya min a wuya.

Abu ɗaya na sa rai a kansa a duk rayuwar aikina, shi ne jifan farko. Al'adarmu ce kafin wasan ƙarshe na nahiya a fito da mutum ɗaya da ake son karramawa, ya tsaya kan tudun jifa a gaban kowa ya jefa ƙwallo, mai kamawa ya kama, ya tako ya miƙa masa ya tafi da shi gida. Ni da Lala duka bana muke ajiye aiki, gasar kuma ta sake zagayowa garinmu, kuma majalisar wakilai ce ke zaɓa. Na so ko sau ɗaya in tsaya a cikin filin nan mutane su ga fuskar mai muryar. Ban ɓoye ba, na bi wakilai, na sayi kofi, na tuna wa kowa yadda nake kiran sunan ƙasarsa. Lala ba ta nemi kowa ba, tana ƙasa tana murza. Da aka ɗaga hannuwa, tsibirai suka bi ta, kudu ta bi ta, arewa ta bi ta. Har wakilin ƙasarmu, wanda muke cin abinci tare duk Lahadi, ya ɗaga mata hannu yana kallon silin.

Na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ni ne zan hau sama in kira sunanta.

Ranar wasan da la'asar ina gyara makirufo sai ga Idalia ta hawo tana haki.

"Baba, Mama Lala ta ce ka sauko."

"Ki ce mata ina aiki."

"Ta ce in ba ka sauko ba za ta zauna a kan buhu."

Na sauka. Na tarar da ita a bakin fili riƙe da safar mai kamawa, ta cusa min a ƙirji.

"Mai jifan farko shi ke zaɓar wanda zai kama masa. Je ka tsuguna."

"Lala, gwiwoyina."

"Bakinka ne ya yi aiki shekara talatin, gwiwa hutawa ta yi. Wuce."

Na taka ciyawar nan da farar rigata. Ina tunanin wa zai yi sanarwa tunda ɗakin gilashi babu kowa, sai na ji lasifika ta yi ƙara. Ashe ta sa an miƙo mata makirufo a tsakiyar fili.

"Jama'a, kun san muryar da ke kiran 'ya'yanku tun kafin a haifi wasunku. To yau ga mai ita. Mai kamawa, daga Navojoa..."

Ta ja sunana yadda nake jan na mutane, ta riƙe wasalin ƙarshe har numfashinta ya kusa ƙarewa. Ban taɓa jin sunana ya fito daga lasifikar nan ba. 'Yan wasan ƙasashen biyu suka fito daga rumfunansu suna leƙe, wani yana nuna ni yana ce wa ɗan'uwansa ashe gajere ne. Aka tashi tsaye. Na ja hular ƙarfen mai kamawa da aka ɗora min na rufe fuska da wuri, don abin da ke zuba daga idona ba na 'yan kallo ba ne.

Ta hau tudun besbol, amma da ta sa hannu a aljihun gaban rigarta sai ta fito da ƙaton ƙwallon sofbol, rawaya shar. Ta juya hannu ta ƙasa irin jifansu na mata, ta sako shi. Safar besbol ba a ɗinka ta don ƙwallo mai wannan girma ba, don haka bai shiga aljihunta ba, tsakiyar tafina ya daka. Na ji zafin har haƙori. Amma na riƙe, ban bari ya faɗi ba. Da na zo tashi gwiwoyi suka ce ba su san zancen ba, sai ita ce ta tako daga tudun ta kama hannuna ta ɗaga ni, a gaban nahiya guda. Tafin da aka yi mata a nan ya ninka nawa, na lura, kada a ɗauka ban lura ba.

Ta miƙo hannu tana jiran ƙwallonta kamar yadda al'ada ta tanada. Na dube ta, na sa shi a aljihuna.

"Aku, ka san dai ana kallo."

"Ai don su kalla na fito."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, muka fita daga filin tana jan hannuna, ni ina ɗingishi.

Na gode, Lala. Na gode a madadin duk mai riƙe sanda da ya koma gida da kansa lafiya bai san hannun wa ya tsare shi ba, da duk yarinyar da ta yi wasan ƙarshe a cikin sanyin yamma. Ku kuma da kuka gaje mu a ƙungiyar nan, na ofis da na fili, idan kun ga an karanta doka a zaure an karya ta a jadawali, kada ku yi irin nawa ku hau sama kuna gunaguni. Ku nemi buhun da ke hannunku ku zauna a kai.

Ɗakin ƙarƙashin bene yanzu wani ke buɗe shi, na leƙa sau ɗaya ban sake ba. Ƙwallon yana kan teburina, Lala, kuma ba zan aiko da shi ba. In kina so ki tako da ƙafarki ki karɓa, kofi yana kan wuta, kuma tun da kika bar zuwa fili babu wanda ya kira ni Aku.