Zuwa Wurma da Kukan Tauraron Buba

Dutsin-Ma

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame Asuba, na fito da 'yar rediyo da eriyar da na ƙera da ƙarafan tsohuwar lema. Wurma na nufa, wajen mahaifiyar abokina Buba, wanda ya rasu yana karatu a ƙasar waje. Shi da abokan karatunsa sun haɗa wani ɗan tauraron ɗan'adam na gwaji, bai fi tiya girma ba, aka harba shi sama. A lokacin ƙasa-ƙasa yake yi, ya kusa faɗowa ya ƙone a iska. Na ƙudura sai Inna ta ji kukan tauraron a rediyo kafin nan.

Kurfi

Bakwai saura kwata motarmu ta iso. A shingen shiga gari jami'in tsaro ya jujjuya eriyar ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce, "Ta sauraron sama ce, yallaɓai." Ya yi min kallon tausayi, ya ce mu wuce. Na sha koko da ƙosai a tasha, na hau acaba.

Wurma

Tara da kwata na sauka. Goma da minti shida tauraron zai ratsa samanmu, minti takwas kacal zai yi. Duk lissafina na manta abu ɗaya: Buba ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana ce. Don kunya ko sunansa ba ta taɓa kira ba. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Daga bayan zana ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Ni daka nake yi, kai wa Baffanku."

Sai na kira Baffa, mahaifin Buba, muka tsaya daf da zanar, na ƙure muryar rediyo, na ɗaga eriya arewa. Goma da minti bakwai sai ga shi, tsiw, tsiw, kamar ɗan tsako. Baffa ya sunkuyar da kai. Ƙarar taɓarya ta tsaya cak, ba ta dawo ba har kukan ya ɓace.

Ina cikin shan fura na ji muryarta. "Abin nan na abokinka, gobe ma ta nan zai biyo?"

"Zai biyo, Inna."

"Da wane lokaci? In rage aiki da wuri."

Gida

Da La'asar na iso Dutsin-Ma, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Kafin tauraron ya faɗo, sau tara na koma Wurma. Ko sau ɗaya Inna ba ta fito ba, amma kullum sai na tarar an shimfiɗa min tabarma a jikin zanar.