Soso Uku a Motar Lantarki

Shekara ashirin da bakwai Badaru ya yi yana ɗinkin kujerun mota a wata rumfa bayan layin dogo a Agege, kuma a tsawon shekarun nan abu biyu ya koya: ɗinki da yabon kai. A na biyun ya fi gwaninta.

Daga wani ƙauye kusa da Gumel ya zo Legas, a saman motar shanu. Ya yi dako a kasuwar Mile 12 har wuyansa ya ce ya gaji, sannan ya koma wajen wani Bayarabe a Ijora ya koyi sana'a. Direbobin tanka na Apapa ne suka ɗaga shi. Kan mota idan ya shiga hannunsa, sai ya fito da jar darduma, da labule mai geza, da tuntaye, har direba ya ji kunyar shiga da takalmi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kujerar babban mutum soso uku ake jera mata. Taƙamarsa ma ɗaya ce, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa mai faci, matarsa Furera kuwa ta ji har ta daina ɗaga kai daga tsintar shinkafa.

Da fetur ya yi tsada, wani haifaffen unguwar mai suna Mahbub ya shigo da ƙananan motocin lantarki uku daga China. Wata huɗu suna ajiye, mutane na zuwa su ɗauki hoto su tafi. Ran nan ya tuƙo ɗaya zuwa rumfar Badaru.

Badaru ya leƙa ciki ya taɓe baki. Kujeru sirara ne da yadi ruwan toka. A gaban direba babu komai sai wani allo kamar babbar waya. Giya ma babu, sai wani ɗan abu da ake murɗawa kamar na rediyo.

"Wannan mota ce ko firji?" in ji shi.

"Oga Badaru, na di dizain bi dat, haka tsarinta yake. Yanzu simpul ake so."

"Talauci dai ake so."

Mahbub ya bayyana masa abin da ya kawo shi. Alhaji Abdulgani, babban dillalin albasa a Mile 12, yana son motar. Ba don tsadar mai ba, don Alhaji bai san kuɗin lita ba. So yake ya zama na farko da zai je masallacin Juma'a a motar da ba ta shan fetur. Amma ya ce cikinta kamar bencin asibiti, sai an gyara.

"Abu ɗaya kawai, Oga," in ji Mahbub. "Batirin a ƙasa yake, shi ya sa daɓen ya ɗago. Rufin kuma gajere ne. Abeg kar ka ƙara wa kujerar tsayi."

"Ina ɗinka kujera tun kana tsumma," in ji Badaru. "Je ka dawo."

Kwana tara ya yi a kanta. Ya yage yadin kamfani ya zubar, ya jera soso uku, ya lulluɓe da leda mai ruwan zinare. Ya shimfiɗa darduma, ya rataya labule, ya bi bakin kowane ɗinki da geza. Rufin ma bai tsira ba, sai da ya liƙa masa soso da karan-miski. Da ya gama ya shiga ya zauna, ya ga tsakanin kansa da rufi akwai yatsa uku, ya ce madalla. Hularsa tana rataye a ƙusa, inda take kwana kullum idan yana aiki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa Hausawa kujera, bai tuna cewa babban mutum ba ya fita da kai tsirara ba.

Ranar Juma'a da hantsi Alhaji ya iso cikin malum-malum ta shadda mai sitati, da doguwar hula zanna-bukar wadda aka yi wa kari ya tsaya cak. Masu Keke Marwa mai ƙafa uku suka tsaya kallo, masu shaguna suka fito. Badaru ya buɗe ƙofa da kansa yana murmushi.

Alhaji ya tattara riga ya cusa jiki. Rigar ta cika kujerarsa ta tsallaka ta kusa. Da ya miƙe zaune, hular ta daki rufi, ta lanƙwashe, ta zame ta faɗa kan sitiyari. Sai ga sanƙo fes, wanda ko yaran shagonsa ba su taɓa gani ba. Ya mayar da ita, ya duƙar da wuya kamar mai neman allura, ta sake faɗowa. Motar kuwa a kunne take, amma ba ta da ƙarar da za ta rufa masa asiri, don haka kowace dariya ta iso kunnensa.

Ya fito, ya dubi Badaru.

"Malam Badaru, Allah ya saka."

Ya shiga tsohuwar motarsa ya tafi. Badaru ya kwashe sati yana zagin mutanen China, mutanen da ba su san hula ba, amma sun tashi ƙera wa duniya mota. Ya kuma ce ai ba aikinsa aka dawo da shi ba, mota aka ƙi.

Wadda ta zo saye daga baya ba ta da hula. Nazifa sunanta, nas ce a wani asibiti a Ikeja, ta gaji da ƙona albashinta a cunkoson goslo, kuma akwai wurin caji a wajen aikinsu. Mahbub ya kawo ta rumfar tare da motar. Ta leƙa ciki.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Amma ni mota nake so, ba ɗakin amarya ba. A mayar da ita yadda ta zo. Babu labule, babu geza ko ɗaya."

Abin ya yi wa Badaru zafi ƙwarai, har ya kasa cin abincin rana. Ga shi yadin kamfani ya daɗe a bola, dole ya sayo yadi ruwan toka a kasuwar Idumota ya ɗinka sabo. Ya ce a ransa wannan ai aikin ɗan koyo ne, layi ne kawai miƙaƙƙe. Kwana biyu ya gama.

Nazifa ta zo da yamma daga aiki. Ta zauna, ta ce tsayin ya yi. Sannan ta bi ɗinkin kujerar da yatsa, ta tsaya a tsakiya.

"Baba, nan ya karkace."

"Ɗinkina?"

"Ga shi nan. Nan ma. Da can."

Ya sa tabarau ya duƙa. Ya karkace ɗin, kuma ba kaɗan ba. Ya duba ɗaya kujerar, haka take. Ya juya ya dubi kujerar tanka da ke jingine tana jiran mai ita, ya ɗaga gezar da yatsa ya leƙa ƙarƙashi. Nan ma ɗinkin a karkace yake, geza ce ta rufe shi. Ya daɗe yana kallo kafin ya saki.

"Yaushe zan dawo, Baba?"

"Ban sani ba, 'yata," in ji Badaru. Ya ɗauki reza ya fara warware ɗinkin.