Ungulu na Uku

Hilario Zamudio mai aski ne a birnin Torreón. Shagonsa na bayan kasuwa, kujera ɗaya, madubi ɗaya, sai bencin masu jiran layi. Gajere ne kakkaura mai sanyin murya, wanda in aska ta ɗan taɓa mutum sai ya ba shi haƙuri sau uku. Ran Lahadi da la'asar yakan rufe shago, ya rataya jaka, ya ce wa maƙwabta zai je ƙauye gaida gwaggonsa. Ba shi da wata gwaggo. Dandalin kokawa na unguwar tasha yake zuwa, ya shiga ta ƙofar baya, ya sa wata baƙar hula mai rufe fuska da jan wuya, ya fito a matsayin Ungulu na Uku. Matarsa Amparo kaɗai ta san wannan a unguwarsu.

Ba haka ya so ba. Tun yana ɗan shekara goma sha tara ya koyi kokawa irin ta ɓangaren na kirki, masu kamu mai tsabta da tsalle daga kan igiyar da ke kewaye fage, waɗanda yara ke rububin taɓawa. Har Amparo ta ɗinka masa farar hular rufe fuska ta shiga cikinsu tun kafin aurensu. Sai a shekarar 1974 ɗaya daga cikin gungun 'yan kokawar da ake kira Ungulaye ya karye a ƙugu, Don Crescencio mai dandali ya rasa wanda zai cike gurbi, ya kira Hilario.

"Sati uku kawai, ɗana. In mutumin ya warke sai ka sa fararka."

Mutumin bai warke ba. Sati uku suka zama shekara goma sha huɗu.

Ungulaye gungun mugaye ne, kuma sun iya aikinsu. Fermín Orduña ne shugaba, ƙato kamar ƙofar gari, sai ƙaninsa Macario. Su tsone ido, su mari alƙalin wasa, su fizge giyar ɗan kallo su sheƙa masa a ka. Jama'a na biyan kuɗi ne don su zage su, su kuma zagin na musu daɗi kamar kirari. Kowa a bayan fage ya san an riga an shirya wanda zai faɗi, amma dukan na gaske ne, ƙasa kuma ba ta san shiri ba. Hilario ya iya faɗuwa, ya iya kamu fiye da su biyun. Mugunta ce ta gagare shi. In aka ce ya taka hannun wanda ke kwance, sai ya taka gefe. In ya naushi mutum, sai a ji shi ta cikin hula yana cewa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa."

"Kai wanzami!" Fermín zai daka masa tsawa a ɗakin sa kaya. "Cewa na yi ka tsone masa ido, ban ce ka ɗiga masa magani ba!"

"Na gwada, maigida."

"Ka gwada? Macario, ka ji, wai ya gwada. Gobe ka zo da turare ka fesa musu in ka gama."

'Yan kallo ma sun gane. Akwai wata tsohuwa, Doña Chole, da ba ta fashin layin gaba. Takan jefi manyan biyu da ɓawon lemo, in ta zo kansa sai ta sauke hannu ta ce, "Kai ƙaramin, me ya kai ka cikin waɗannan? Uwarka ta sani kuwa?" In an tashi sukan tsaya wajen mai sayar da tako, wato wainar masara da nama, a bakin tasha, 'yan'uwan biyu na shan giya suna labarin mata, shi yana gefen benci da kofin ruwan shinkafa mai kirfa, yana dariya a inda ya ga ana dariya. Ba su kore shi ba, don duk ranar da aka shirya Ungulaye za su sha kaye, bayansa ne ke taɓa ƙasa.

Ran Talata kuma a shago, mutum na kan kujera da kumfa a fuska zai ce, "Hilario, da ka ga wasan shekaranjiya. Wannan na ukun fa, ni ban san ungulu ne ko kaza ba." Sai Hilario ya goge aska a tsumma ya ce, "Wataƙila yana da iyali ne."

Kowace shekara yakan je wa Don Crescencio da maganar farar hula, kowace shekara amsar ɗaya ce: a bari sai bayan bikin Ista. A 1988 dandali ya cika shekara talatin, aka ce za a yi karon hula da hula, wanda ya faɗi ya buɗe fuska a gaban jama'a, kuma ba ya sake rufe ta har abada. Dole hular da za a cire ta fito daga Ungulaye. Fermín ne ya kawo maganar, yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago kai ba.

"Ni ne shugaba, in tawa ta faɗi gungu ya mutu. Macario 'ya'yansa biyar, ba shi da wata sana'a."

"Ni fa?"

"Kai ai kana da aska."

Hilario ya koma gida ya gaya wa Amparo. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ka ce musu a'a mana. Sau ɗaya a rayuwarka, Hilario, ka ce a'a." Ya ci gaba da juya cokali a miya, ita kuma ta san ba zai ce a'a ba.

Ranar wasan dandali ya cika har kan katanga. Tunda ba abin da ya rage masa, Hilario ya yi irin kokawar da ya koya tun farko. Ya hau igiya, ya yi tsalle, ya yi kamun da ba a taɓa ganin wani Ungulu ya yi ba, minti ashirin cur, Fermín na waje yana ihu, "Cije shi, ɗan banza!" Har jama'a suka fara tafa masa ba su ankara ba. Sannan lokaci ya yi, ya kwanta kamar yadda aka shirya, alƙali ya buga ƙasa sau uku.

Ya durƙusa a tsakiyar fage. Fermín ya shigo ya kwance masa igiyar hula ta baya. Hilario ya zare ta, ya faɗi sunansa da shekarunsa da garinsu yadda aka saba. Can daga sama wani ya ƙwala, "Kai! Ai mai aski ne!" Dariya ta ɓarke, ta zaga dandali gaba ɗaya. Ya taɓa ganin waɗanda aka buɗe wa fuska ana zaginsu, ya ga waɗanda aka ɗauka a kafaɗa. Bai taɓa ganin wanda aka yi wa dariya ba sai kansa.

Kafin sati biyu Ungulaye sun samo wani matashi daga Gómez Palacio mai cizon kunne da gaske. Don Crescencio ya cika alkawari a makare, ya mayar da Hilario cikin na kirki, da fuska a buɗe da furfura a gefen kai. Farar hular ba ta da sauran amfani, Amparo ta ba wa wata maƙwabciya ta yi wa ɗanta kayan biki da ita. Su ma na kirkin ba su matsa masa a benci ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Shekara goma sha huɗu kana riƙe ni Fermín na jibgata, yau kuma mun zama 'yan'uwa?" In ya hau fage, 'yan kallo sai su yi ta kiran, "Gemu da gashin baki, Hilario!" Wata biyar ya yi ya ajiye takalmansa. A shago wasu suka daina zuwa, wai ya shekara da shekaru yana jin suna zaginsa bai ce uffan ba, mutum irin wannan ba a sake masa wuya.

Shekara takwas bayan haka ɓarin jikin Fermín ya shanye. Macario ya riga ya tsallaka Amurka, matashin nan kuwa ko leƙe. Hilario ya ji labari a kasuwa, ran Alhamis ya haɗa aska da sabulu a jaka.

"Wajen wa?" in ji Amparo. "Mutumin da ya sayar da kai?"

"An ce gemunsa ya kai ƙirji. 'Yarsa ba ta iya ɗaga shi."

Ya same shi a wani ɗaki mai zarnin fitsari, ƙaton nan ya zube, baki ya karkace. Ya ɗaga shi ya zaunar, ya yi masa wanka, ya yi masa aski. Ya koma Alhamis ta gaba, da wadda ta biyo ta, har shekara uku. Wata rana yana cikin shafa masa kumfa, Fermín ya riƙe masa hannu da hannunsa mai lafiya, maganar na fita da ƙyar.

"Wanzami. Hulata Don Crescencio ya nema. Tawa. Ni na ce a ɗauki taka."

"Na sani. Ya gaya mini tun a satin."

Fermín ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gefen da ya mutu.

"To me ya kawo ka?"

"Ɗaga haɓarka, maigida, kumfa na bushewa."

Fermín ya rasu a damina, aka binne shi da hularsa a fuska kamar yadda ya roƙa. Mutum tara ne a maƙabarta, Hilario na cikin huɗun da suka ɗauki akwati. Ya ci gaba da aski har idonsa ya yi rauni hannu ya fara rawa, sannan ya sayar da kujera da madubi, shi da Amparo suka koma Saltillo wajen 'yarsu. A can ya rasu a 2009, bayan gajeriyar jinya. Jaridar Torreón ba ta ambace shi a shafin wasanni ba, don babu wanda ya tuna ya kai musu labari.

Da ake kwashe kayansa, jikarsa ta tsinci wani tsohon hoto a cikin akwatin takalmi, mutum uku da baƙaƙen huluna a gaban igiya. Biyu sun ɗaga dunƙulen hannu suna huci. Ta tambayi kakarta wanne ne kaka a ciki. Amparo ba ta ko nemi tabarau ba, ta ɗora yatsa a kan na gefe, wanda ya ɗan ja baya ya haɗa hannuwansa a baya kamar mai jiran a kira shi.