Kihiyo da Buhunan Kashin Jemage

Ranar Alhamis ce. Ƙarfe shida na safe Kihiyo ya sha shayi da mandazi biyu, wato soyayyen burodi, a tsaye, matarsa Mboza tana yi masa tsiya wai kujerun gidan don baƙi ya ƙera su. Ƙarfe bakwai suka haɗiye ƙwayoyinsu da ruwan kofi ɗaya. Shekara tara suna zaune da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ba su taɓa ɓoye wa kowa a garinsu Muheza ba. Shekara guda kawai ya taɓa sakin magani, sa'ad da aiki ya kai shi nesa, kuma watansa biyu ke nan da komawa shan maganin.

Ƙarfe takwas yana cikin silin wani tsohon gida. Kafintan rufi ne, shi kaɗai a garin ba ya ƙyamar silin da jemagu suka shekara talatin a ciki. Sauran kafintoci sai an share musu. Shi da kansa yake sharewa, da tsintsiya da faranti, a bushe, domin in aka jiƙa kashin nauyi yake yi, silin ya burma. Ba ya ɗaure hanci. Ya ce tsumma yana hana shi riƙe ƙusa a baki.

Ƙarfe ɗaya ya ci ugali, tuwon masararsu, da ƙananan kifi, ya bar rabi. Ƙarfe huɗu ya sauke buhu biyu na kashin jemagen a gonar lemon mahaifinsa, Malam Shemdoe, wanda ya karanta aikin gona a jami'a.

"Baba, ga digirinka na kawo."

"Ɗan nema! Ba ni na nuna maka ya fi takin kanti ba? Da can zubarwa kake yi."

"Ai shi ya sa. Kai da karatu, ni da wari."

Ƙarfe shida suka zauna dara a gindin mangwaro. Ya cinye uban sau biyu, ya tashi ya zaga sau biyu.

"Kifin nan ne," in ji shi.

Ba kifi ba ne. Gudawa ta yi sati uku, ga zazzaɓi, ga murɗar ciki, sai jini ya biyo. A asibiti aka ce tibi ce ta hanji, aka ɗora shi a kan magani, ko da yake gwaji bai nuna ta ba. Duk Litinin Malam Shemdoe yana ɗora shi a sikelin lemo, ya rubuta a littafi: kilo sittin da ɗaya, hamsin da takwas, hamsin da huɗu. A sati na shida ya kai wa likita littafin.

"Likita, ni manomi ne. In na yi sati shida ina yi wa bishiya feshi tana ta bushewa, ba na cewa laifin bishiyar ne. Mene ne ke cin cikin ɗana?"

Bai ɗaga murya ba, bai kuma tashi daga kujerar ba sai da aka rubuta musu takardar babban asibiti a Darussalam. Can aka zura na'ura aka ga gyambuna a jere cikin hanji, aka gutsuro ɗan nama. Wata likita ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi musu.

"Yana aiki inda kaji ko jemagu suke?"

Malam Shemdoe ya faɗa mata komai, har da shawararsa ta taki.

Ta rubuta masa sunan, histoplasmosis, ya kwafa harafi-harafi. Ta ce wata irin funfuna ce da ke zama a kashin jemage, ana shaƙarta cikin ƙura. Mai ƙarfin jiki sau da yawa ba ya ma sanin ta shige shi, amma wanda garkuwarsa ta yi rauni takan bazu har hanjinsa. Mutum ba ya shafa wa mutum.

Ranar Talata aka fara maganin da ya dace. Ranar Asabar Kihiyo ya nemi shayi, ya ce a tsaye zai sha. Kwana tara da farawa hanjin ya huje, ya cika da la'asar. Shekararsa talatin da shida.

Bayan arba'in aka raba kaya. Tufafi 'yan'uwa suka ɗauka. Zarto da guduma da tsani aka ba abokin aikinsa Mndolwa, bayan ya yi alkawarin ba zai ƙara shiga sili ba takunkumi ba. Saura buhu goma sha ɗaya a bayan ɗaki. Mboza ta ce wa Malam Shemdoe ita za ta zuba su a lambun alayyahonta.

"Guminsa ne, Baba."

"Na sani, 'yata. Amma jikinki irin nasa ne. Ko bakin buhun ba za ki taɓa ba."

Ya tura ta gidan yayarta ta yini. Ya ɗaure hanci da baki, ya jiƙa buhunan sharkaf, ya tura su ɗaya-ɗaya a baro zuwa ramin da ya haƙa a ƙarshen gona, mai zurfin ƙafa shida. Ya jefa tsintsiyar da farantin a kai, ya rufe. Allon darar ya riƙe wa kansa.