Ranar da Aka Daina Yawo da Kwano a Wurin Ƙulin Hajiya

Har yau ranar da Yaya Saratu ta sake mana zaman aiki ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo daga baya kun tarar da doguwar rumfa, kowa na miƙa wa ta kusa da ita kwano, kuna zaton haka wurin yake tun asali.

Lokacin ina aji biyu na babbar sakandare a nan garin Isa, ina zuwa aiki duk hutu. Hajiya ce mai wuri. Ƙarƙashinta akwai Inna Tumba, uwar aiki, mai toya ƙuli. Sai masu tsintar gyaɗa, masu suya, masu murje ɓawo, mai kula da injin niƙa, da masu matse mai. Ni ce ƙarshe, 'yar ɗauka. Amma ba a zama bisa tsarin aikin, bisa shekaru ake zama. Manya suna gindin darbejiya kusa da ƙofa, ƙanana suna can bango cikin rana. Don haka gyaɗa takan ratsa tsakar gidan, ta dawo, ta sake komawa, duk a kaina.

Ina son aikin nan. Kullum sai na wuce gaban Hajiya, kullum sai ta ce, "Ke Nana, ƙafar gidan nan."

Bayan an kawo sabuwar gyaɗa daga kasuwar Bafarawa, sai ga Yaya Saratu, ɗiyar ƙanen Hajiya. A jami'a take, a Sakkwato, tana karanta yadda ake tafiyar da aiki a masana'antu, an turo ta ta ga aiki da idonta. Abin da na fara lura da shi farcenta ne, babu baƙin gawayi ko kaɗan. Hajiya ta sa aka ɗauko mata kujera. Ni ban taɓa zama a kujera a gidan ba.

"Ga manajarmu ta iso," in ji Hajiya.

Inna Tumba ta ce, "Manaja, jami'ar taku ana toya ƙuli, ko dai a takarda kuke cin shi?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Har dariyarta ta ba ni haushi, don ba ta rufe baki kamar ni.

Matsalar Hajiya ita ce wani ɗan kasuwa da ke ƙetarawa da kaya Nijar. Ya yi ta zuwa yana tarar da ƙuli bai kammalu ba, ya ce in aka ƙara zai koma Sabon Birni da sayayya. Yaya Saratu ta yi kwanaki tana kallo kawai. Rannan ta tsayar da ni da kwano a kai.

"Ƙanwata, ke ce ke zuwa wurin kowa. Ina aiki ya fi tsayawa?"

Ba wanda ya taɓa tambayata komai a wurin. Ina so ta san ni ma ina gani. Na ce mata a hankali masu matse mai kan zauna hannu sake suna jirana, lokacin ina can ina kai wa mai inji, kuma kafin in iso niƙan ya huce, mai ya ƙi fita da sauri. Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. Ni ce jiran.

Washegari ta durƙusa gaban Inna Tumba, ta zana layi a ƙasa da tsinke. Ta ce a kafa rumfa doguwa kowa ya samu inuwa, a zauna yadda gyaɗa ke tafiya.

"Wato yara su hau gabana?" in ji Inna.

"A'a Inna. Ƙuli shi ne ƙarshen aiki, ke ce za ki tsaya bakin ƙofa. Ba abin da zai fita sai ta hannunki."

Inna ta gyara ɗaurin kallabi. "To, wanga karatu da ladabi."

Aka kafa rumfa. Ɗan kasuwar ya zo ya tarar da kayansa a ɗaure. Hajiya ta yi ta cewa, "Kun ga abin da boko ya yi muna?" Yaya Saratu ta ce, "Nana ce ta nuna mini," amma inji na ƙara, Hajiya ba ta ji ba, ni kuma ban iya maimaitawa ba.

Da yamma Hajiya ta kira ni. "Ke ɗiyata, ɗauka ta ƙare. Gobe ki koma tsinta."

Tsinta ita ce farkon layi, can ƙarshen rumfa, inda Hajiya ba ta zuwa. Na ce, "To, Hajiya, za ni koma." A can nake har yanzu duk hutu, ina fidda ruɓaɓɓiyar gyaɗa, ina hango kujerar.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a gani kaɗai bai isa ba. Na fi Yaya Saratu daɗewa ina ganin masu matsa suna jira, amma ita ce ta san sunan abin, ta kuma san yadda za ta faɗa wa tsohuwa ba tare da ta ƙasƙanta ta ba. Wannan ake koya musu, ko ita ta zo da abinta, ban sani ba. Ban daina jin zafinta ba. Amma da malaminmu ya tambayi abin da kowa zai nema a jami'a, na ɗaga hannu, na faɗi nawa, irin karatun Yaya Saratu, da ƙarfi har na bayan aji suka ji.