Jinin Malam Mati

Duk wanda ke cin kasuwar Minjibir ya san Malam Mati mai gyaɗa. Dogo ne, marar yawan magana, gidansa na wani ƙauye gabas da garin, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin ta wani. Da damina ya noma gero da gyaɗa a 'yar gonarsa ta gado, da rani ya ɗora wa jaki buhu ya nufi kasuwa. Ciwo ɗaya ya taɓa kwantar da shi, shawara, tun yana saurayi. Idanunsa suka yi ɗorawa, ya sha sassaƙe, ya miƙe, ya manta.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tilo, Safara'u. Shi ya raine ta har ya aurar da ita ga Tasi'u, ɗan maƙwabcinsa.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo, Tasi'u ya tafi Legas neman na tuwo, ya bar ta da tsohon ciki. Ranar haihuwa jini ya ɓalle mata. Kafin a samu motar da ke da mai, rana ta take. A asibiti aka ce sai an ƙara mata jini, Mati ya naɗe hannun riga.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗibi kaɗan don gwaji, can sai ta dawo. "Baba, jininku iri ɗaya ne, amma ba za mu ɗiba ba. Gwaji ya nuna alamar ciwon hanta."

"Yarinya, lafiyata ƙalau. Ki ɗiba, ko duka ne."

"Doka ta hana, Baba. Kada mu sa mata wata cutar."

Ya fita yana roƙon mutane a bakin ƙofa. Kafin a dace da wani, Safara'u ta cika bayan la'asar. Jaririyar ta rayu, aka mayar mata da sunan uwarta.

Daga ranar Mati ya ware kwanonsa da moɗarsa. Ko an miƙo masa jikar, sai ya ɓoye hannuwa a baya ya ce, "Ku riƙe ta, ni mai cuta ne."

Bayan kaka Tasi'u ya dawo, ya matsa wa Mati suka shiga Kano aka yi babban gwaji. Likita ya ce, "Malam, babu ƙwayar cuta a jikinka. Ta taɓa shiga, jikinka ya kore ta tuntuni. Wancan gwajin sawunta kawai yake gani, ba ya bambance wadda ke nan da wadda ta wuce."

Mati ya ce, "To da an ɗibi jinina, da ta tashi?"

Likita ya sunkuyar da kai. "Wannan sai Allah, Malam."

A mota, bayan sun wuce Gezawa, Mati ya ce wa surukinsa, "Kada ka faɗa wa kowa tukuna. Ban san yadda zan yi murna da shi ba."

Ya ƙara damina biyu a duniya. Yarinyar tana 'yan guje-guje a tsakar gida aka yi jana'izarsa.