Telan da Ya Yi ta Rage Riga

Baba Tela bai taɓa yarda da tef ɗin awo ba. Yana da shi dai, rataye a wuya kamar na kowane tela, har lambobin jikinsa sun fara gogewa, amma idan aka kawo masa yaro ɗinki, kallo ɗaya yake yi masa daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce, "Juya." Yaro ya juya, shi ke nan, awo ya ƙare.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, maƙale da na mai guga. Keken ɗinki na ƙafa a bakin ƙofa, tebur ɗin yanka a ciki, buhun ƙyallaye a lungu, sai wani benci da ƙafarsa ɗaya ta gaji aka tokare ta da bulo. Tun yana saurayi ya daina ɗinka wa manya. Ya ce babba sai ya ƙara tumbi ya dawo yana rantsuwa tela ne ya cinye masa yadi. Yara kuwa ba ruwansu da wannan rigima, kuma su ne ke ba shi mamakin da bai taɓa gajiya da shi ba.

"Ka duba fa," yakan ce wa mai guga, yana ɗaga wani ɗan wando sama. "Mai wandon nan, watanni kaɗan da suka wuce a cinyar uwarsa aka kawo shi. Jiya ya shigo da ƙafarsa yana taɓa mini almakashi. Wa ya ja shi ya yi tsawo? Da me? Ba a ji ƙara ba, ba a ga ɗinki ba."

Mai guga, wanda ya ji wannan huɗubar har ya haddace, sai ya ce, "Allah ne," ya ci gaba da hura gawayinsa.

Saboda haka Baba Tela ba ya yanka wa yaro daidai jikinsa na yau. Yana yanka wa wanda yaron zai zama nan gaba kaɗan. Ya san shekarun da ƙafa ke riga gangar jiki miƙewa, ya san lokacin da tumbin yarinta ke zubewa, kafaɗa ta buɗe. Sai ya ƙara yatsa biyu a nan, uku a can. Iyaye mata su yi ta mita riga ta yi yawa, kafin a jima su dawo suna dariya, ta zauna ɗas.

Yana da jika mace, 'yar 'yarsa ta fari. Uban direban babbar mota ne, ba ya zama, don haka uwar da yarinyar suna ɗakunan da ke bayan shagon. Baba Tela ne ya raɗa mata Maɓalli tun ranar da aka miƙo masa ita cikin tawul, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka. Duk abin da Maɓalli ta sa a jikinta tun daga ranar, daga kekensa ya fito. Kowane yadi mai kyau da ya rage, nata ne.

Lokacin da take shekara biyar ya ɗinka mata wata riga, ya ƙara yatsunsa kamar kullum. Watanni suka shuɗe, rigar tana nan tana reto a jikinta, hannu ya rufe mata yatsu. Uwar ta kawo ta shago tana dariya.

"Baba, wannan karon dai ido ya yaudare ka. Ko tsufa ne ya fara sallama?"

Wasa ta yi, amma maganar ta soke shi. Mutumin da unguwa ta san shi da ido, a ce ya kasa auna jikarsa ta cikin gidansa? Ya karɓi rigar, ya farke ta, ya rage kafaɗa, ya ɗage hannu, ya kalmashe ƙasa. Ta zauna wa yarinyar kamar a jikinta aka haife ta. Ta gaba ma da ya ɗinka sai ta yi yawa. Wannan karon bai jira an yi masa tsiya ba, shi da kansa ya zare ta daga igiyar shanya ya rage ta. Daga nan ya daina ƙara mata yatsu gaba ɗaya. A ransa ya yanke cewa idonsa ne ya fara mutuwa, abin da ya rage masa kawai shi ne kada kowa ya gane. Har tabarau ya sayo a ɓoye.

To, ga inda gwaninta ta yi ɓarna. A kowane gida, riga ce ke fara tona asirin yaron da ba ya girma: uwa ta ga ta bara har yanzu tana shiga, ko sabuwa ta ƙi cika. Maɓalli kuwa kullum tsaf take, kayanta sababbi, kowanne daidai jikinta. Wa zai yi zargin wani abu? Ta zama mai yawan barci, aka ce haƙuri ne da ita. Tana jin sanyi ana tsakiyar zafi, kakanta ya ɗinka mata 'yar rigar sanyi mai kyau. Ƙanƙantarta kuma aka jingina wa dangin ubanta, waɗanda dama ba dogaye ba ne. Haka aka tafi kusan shekara biyu.

Ranar da abin ya fito fili ba wata rana ce ta musamman ba. Wata mata ta zo karɓar ɗinki da 'yarta mai shekara huɗu. Yarinyar ta hango sabuwar rigar Maɓalli a rataye, mai furanni ja, ta kafe sai ta gwada. Baba Tela ya ce a bar ta ta sa, ai za ta nutse a ciki, kowa ya yi dariya. Aka zura mata. Rigar ta tsaya a ƙirji, ta ƙi sauka.

Matar tana ta ba da haƙuri tana jan rigar, shi kuwa ko jin ta ba ya yi. Maɓalli tana gab da cika bakwai. Bayan sun tafi ya kira ta, ya tsayar da ita a jikin tebur, ya ciro tef ɗin nan daga wuyansa. Ya auna ta, ya sake aunawa. Idonsa lafiya lau yake tun farko. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai.

Ya leƙa cikin gida ya ce wa 'yarsa, "Ɗauko mayafinki. Asibiti za mu."

"Wa ba shi da lafiya, Baba?"

"Yarinyar nan ba ta girma. Ni ne na yi ta rage mata riga."

A ɗakin awon yara ya ga abin da bai san ana yi ba, shi da ya kwashe rayuwarsa yana auna yara. Jarirai tsirara a kan sikeli suna tsala ihu, ana karanta nauyinsu. Wani an shimfiɗe shi a kan allo mai lambobi, uwa ta riƙe kai, nas ta miƙar da gwiwa. Wani ana zagaya masa tef a kai. Ko a mafarki Baba Tela bai taɓa tunanin auna kan yaro ba, sai in hula za a ɗinka.

Da layi ya zo kansu, nas ta sa Maɓalli ta cire takalmi, ta tsayar da ita a jikin ma'aunin bango, dunduniya da ƙeya manne da katako, ta gyara mata haɓa, sannan ta sauko da wani ɗan katako har ya taɓa tsakar kanta. Ba ta ƙara ko rabin yatsa ba. Ta tambayi katin awon yarinyar. Uwar ta ce tun da aka gama rigakafi ba su sake zuwa ba.

"Haka yawancin mutane ke yi," in ji nas ɗin, ba tare da faɗa ba. "Baba, awo ɗaya ba ya gaya mana komai. Sai mun jera na yau da na baya muke ganin ko yaro yana kan hanyarsa ko ya tsaya. Yaushe kuka ga ta daina ƙaruwa?"

Nan kam yana da amsa. Ya lissafa mata riga bayan riga, wadda ya rage da inda ya rage, kamar mai karanta laifinsa a gaban alƙali. Ta saurara har ya gama, ta rubuta, ta tura su wurin likita.

Aka ɗebi jini, aka ce su dawo. Da suka dawo likita ta taɓa gaban wuyanta ta nuna musu. Ta ce a nan kowane mutum yana da wani ɗan abu da ke fitar da sinadarin da ke tashin jiki ya yi aikinsa, har da girma. Na Maɓalli ne ya yi sanyi. Akwai magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin ta ci komai, kuma za a riƙa duba jininta da tsayinta a kai a kai.

"Za ta kamo sa'o'inta?" Abin da ya iya tambaya ke nan.

"Yara da yawa suna kamowa, wasu ba duka ba. Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba, Baba. Mu fara, mu riƙa aunawa."

A gida ya juye ƙwayar a tafin hannunsa ya tsura mata ido. Ko kan allurar maƙala yadi ya kusa fin ta girma. Wai wannan ce za ta shiga cikin ƙashin mutum ta ce masa ya tashi. Ya nuna wa mai guga, mai guga ya ajiye dutsen gugarsa ya leƙa, shi ma ya tsura mata ido.

Jira ya fi komai wuya. Kowace safiya shi ke ba ta maganin da hannunsa, bai yarda ya bar wa kowa ba. Ya daina yi mata ɗinki kwata-kwata, don ya ji tsoron almakashinsa a kanta. Ya hana kansa auna ta a gida, saboda nas ta ce mai auna yaro kullum ba abin da zai gani sai ɓacin rai. Da farko barcin ne ya ragu. Sai surutu ya zo, sai ƙiriniya. Yarinyar da ake yabo da haƙuri ta zama ba ta zama wuri ɗaya, ta kwance masa zare, ta hau buhun ƙyallaye tana tsalle. A awo na farko nas ta ce an samu ƙari kaɗan, ta nuna masa a jikin katako. Ya kalli ɗan tazarar, ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Abin bai kai faɗin kalmasa ba, kuma ya riga ya san yadda mutum ke ganin abin da yake so ya gani.

Wata rana da hantsi yana kan keke, sai ya ji kuka daga bayan shago. Maɓalli ta shigo tana jan ƙafa, hannu ɗaya matse a jikinta, uwarta na biye da ita. Rigar nan mai furanni ja ce a jikinta.

"Kaka, wallahi ba da gangan na yi ba. Hannu kawai na ɗaga zan ɗauko ƙwallo."

Ya ɗaga hannun a hankali. Ɗinkin hammata ya fashe tun daga ƙirji har baya. Ya bi bakin yagewar da yatsa. Ba ƙusa ce ta kama ba, ba zare ne ya ruɓe ba, ɗinki biyu ya yi masa kamar yadda ya saba. Daga ciki aka turo shi. Ya duba hannun rigar, ya haye sama da wuyan hannu. Ya duba ƙasa, gwiwoyi biyu a waje, duk ƙura. Rigar da ya yanka da hannunsa daidai jikinta, yau jikin ya fi ƙarfinta. Ya yi ta kallon yarinyar kamar yau aka miƙo masa ita, yana jin abin ya fi ƙarfin kansa: ana ta wannan aiki a cikinta dare da rana, a gabansa, a ɗakin da yake zaune, bai ji motsin komai ba.

Uwar ta toshe baki da mayafi. Maɓalli ta kalli wannan ta kalli wancan, ta rasa dalilin da ya sa manya biyu suke hawaye a kan rigar da ita ta yaga.

"Za ka gyara mini, Kaka?"

Baba Tela ya share fuska da bayan hannu, ya jawo ta jikinsa.

"Ba ta gyaruwa," ya ce. "Ta yi miki kaɗan."